Abin da Ya Faru a Garin Wasu

Ranar Laraba, 14 ga Nuwamban 1956, wajen la'asar, aka kama wani ma'aikacin kamfanin gas a unguwar Hamma da ke birnin Aljiyas. Fernand Iveton sunansa, Bature ne haifaffen ƙasar, ɗan kwaminis, wanda ya bi bayan masu neman ƙwatar Aljeriya daga hannun Faransa. Ya shigo aiki da bam a jaka, ya ajiye a akwatin kayansa, da nufin ya kai shi wani ɗakin da ba a amfani da shi, ya tashi da dare bayan ma'aikata sun watse. Wani shugaban ma'aikata ya tsargu da jakar, ya kira 'yan sanda, aka kwance bam ɗin. Da aka caje Iveton sai ga takarda a jikinsa mai nuna bama-baman biyu ne. Ga ɗaya a hannu. Ina ɗayan?

Tankunan gas ɗin a tsakiyar unguwar talakawa suke, gida na jingine da gida. In na biyun yana cikin kamfanin, ya kuwa tashi, to ba a maganar gawa goma ko ɗari. Shugaban 'yan sanda ya garzaya ofishin mutumin da ke da ikon cewa e ko a'a, babban sakataren lardi mai kula da harkar 'yan sanda, Paul Teitgen, wanda bai fi wata uku da kama aiki ba. Ya roƙe shi izinin a matsa fursunan har ya faɗi inda bam ɗin yake.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ake gardamar azabtar da fursuna ya san wannan labarin, ko da bai taɓa jin sunan Iveton ba. Shi ake jefa wa mai tausayi a rufe masa baki: ga mai laifi a hannu, ga bam na cin mintuna, ga rayuka birjik. "To malam, in ɗanka na cikin kasuwar fa? Shayi za ka haɗa wa mutumin?" Yawanci ƙagaggen labari ne, na cin gardama. Ran nan kam da gaske ne, kuma wanda abin ya faɗo wa ba baƙon azaba ba ne. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, Teitgen na cikin 'yan gwagwarmayar ɓoye. 'Yan Gestafo suka kama shi, suka gana masa uƙuba a birnin Nancy, daga bisani aka tura shi sansanin Dachau. A fatarsa ya san abin da ake nufi da "a matsa shi". Ya ce bai yarda ba. Daga baya ya ba da labarin yadda ya wuni jikinsa na ɓari, yana sauraron ƙarar da za ta shaida masa taurin kansa ya hallaka dubban mutane.

Ƙarar ba ta zo ba. Bam na biyu bai ma taɓa shiga kamfanin ba: jakar Iveton ce ta kasa ɗaukar biyu, matar da ta kawo su ta koma da ɗaya. Da a nan labarin ya tsaya, da ya yi daɗin bayarwa. Sai dai 'yan sandan ta bayan kunne suka ji umarnin ubangidansu. Suka shige da Iveton ciki, suka yi masa abin da suka ga dama, da lantarki da ruwa. Kwana goma da kamu kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a zama ɗaya, ranar 11 ga Fabrairun 1957 aka fille kansa a kurkukun Barberousse, shi da bam ɗinsa bai kashe kowa ba. Ministan shari'a a lokacin François Mitterrand ne, wanda a 1981, yana shugaban ƙasa, aka soke hukuncin kisa a Faransa ƙarƙashinsa. Duniya kenan. A ranar da hujjar mai azaba ta fi kowace rana ƙarfi, azabar ba ta ceci ran kowa ba, hanin babba kuma bai hana na ƙasa komai ba.

Kada a ɗauka tsoron Turawan Aljiyas na banza ne. Wata ɗaya da rabi kafin kama Iveton, ranar 30 ga Satumba, 'yan mata uku na ƙungiyar FLN mai yaƙin ƙwatar Aljeriya sun yi shigar Turawa, sun ratsa shingen soja da bama-bamai a jakunkunansu. Biyu sun tashi, ɗaya a wani shagon shan madara da kayan sanyi da ake kira Milk Bar, inda iyaye ke kai yara. Mutum uku suka mutu, gommai suka jikkata, har da yaran da sai da aka yanke musu hannu ko ƙafa. Su ma 'yan FLN da nasu lissafin: a watan Agusta wasu Turawa masu zafin kai sun dasa bam a titin Thèbes cikin Kasba, tsohon garin da Musulmi ke zaune, gidaje suka rufta wa mutane suna barci, ba a kuwa hukunta kowa ba. Kowane ɓangare yana da gawar da zai nuna maka.

Ranar 7 ga Janairun 1957 hukumar farar hula ta ɗaga hannu. Robert Lacoste, ministan da ke riƙe da Aljeriya, ya sa aka miƙa wa Janar Jacques Massu da rundunarsa ta goma ta sojojin laima, kimanin mutum 8,000, ikon 'yan sanda a birnin. Ba wanda ya rubuta musu "ku azabtar". Manya ba sa sa hannu a irin wannan takarda. An dai ce musu a kawo ƙarshen bama-bamai ko ta halin ƙaƙa, sannan kowa ya kau da kai.

Kafin a taɓa jikin fursuna, sunansa aka fara taɓawa. Faransa ta sa hannu a yarjejeniyoyin Janiba na 1949, waɗanda suka hana a tilasta wa fursunan yaƙi magana da azaba, suka kuma hana azabtarwa ko da rikicin na cikin gida ne. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce: aka ce ai ba yaƙi ake yi ba. Aljeriya yankin Faransa ce, abin da ke faruwa "tarzoma" ce, aikin soja kuma "tabbatar da doka da oda". Tunda ba yaƙi, ba fursunan yaƙi. Sai 'yan tawaye, 'yan fashi, 'yan ta'adda. Su kuma waɗannan, tunda lokaci ya ƙure, ba za a tsaya kai su gaban alƙali kamar ɓarayin gari ba. Mutum ya wayi gari dokar yaƙi ta ce ba nata ba ne, dokar gari ta ce ba nata ba ne, sai kurtun da ke tsaye a kansa. Sai a 1999 majalisar Faransa ta yarda a kira abin da sunansa, yaƙi.

Sojojin laima suka kwashe fayilolin 'yan sanda, suka zagaye Kasba da waya mai ƙaya, suka shafa wa kowane gida lamba, suka naɗa wa kowane layi mai kai rahoto. Dare na yi, dokar hana fita na kamawa, sai motoci. A ɓalle ƙofa, a ɗauki maigida da kayan barci, in ba a same shi ba a ɗauki ƙaninsa. Wani lokaci a jera mazan unguwa a fili, a kawo wani da buhu a kansa mai hudar ido biyu, duk wanda ya gyaɗa wa kai ya hau mota. Ba wanda ya san ko wane ne a cikin buhun, balle a tambaye shi ko akwai wanda yake bi bashi a layin. Daga nan sai gidajen da aka ware, irin su Villa Susini da wani benen da ba a gama ba a El Biar. Kayan aikin ba su da tsada: ɗan injin lantarki na wayar soja da ake murzawa da hannu, wayoyi biyu a maƙala a kunne ko a al'aura, bahon ruwa, tiyo, igiya. Massu ya ce ya sa an gwada masa lantarkin a jikinsa, ya ga abu ne mai jurewa. Ya manta cewa shi ya san da ya ɗaga yatsa za a tsaya.

Masu wannan aiki ba su ɗauki kansu mugaye ba. Da yawansu sun yaƙi 'yan Nazi, wasu sun sha ɗauri a Biyetnam. Abin da za su ce maka shi ne abin da aka ce wa Teitgen: bam, mintuna, yara. Amma duba wa ke kan benci. Cikin ɗari da wuya a samu ɗaya da ya san inda bam yake. Sauran mai shago ne da ya ba da kuɗin ƙungiya don tsoro, da yaron da aka aika da wasiƙa bai san abin da ke ciki ba, da wanda sunansa ya yi daidai da na wani. Hausawa na cewa jiki magayi, gaskiya ne, jiki na faɗa. Abin da bai iya ba shi ne shiru in ba shi da abin faɗa. Wanda ya sani yakan iya daurewa na awoyin da abokansa za su sauya maɓoya, haka ma ƙungiyar ta umarce su. Wanda bai sani ba, ba shi da ƙofar fita sai ya ƙirƙiro. Sai ya ba da sunan maƙwabci, na surukinsa, na mai gidan burodi. A kwaso su, su ma su ba da nasu. Hujjar ta bam ɗaya ce, aikin kuwa ya zama na cinna wa rumbu wuta don a kashe ɓera.

Teitgen yana ofishinsa yana kallo, kuma shi ma ba fes ya fita ba. Doka ta ce duk wanda soja suka tsare sai an yi masa takardar tsarewa, shi ke sa hannu. Ya sa hannu a kan kimanin 24,000. Ana iya cewa hannun nan nasa ne ya yi wa ta'asar rigar doka, kuma ba a yi ƙarya ba. Shi kuwa lissafinsa shi ne, wanda ke da takarda yana da suna, wanda ke da suna ana iya tambayar inda yake. Ya riƙa tambaya. Ya je sansanonin Beni Messous da Paul-Cazelles da ƙafarsa, ya ga jikin tsararrun, ya gane tabon, don irinsu ne a nasa jikin tun shekara goma sha huɗu da suka wuce. A watan Maris ya rubuta wa Lacoste takardar ajiye aiki yana faɗar haka. Aka ƙi karɓa, ya daure zuwa Satumba, ya tafi. Da ya haɗa lissafin waɗanda suka shiga da waɗanda aka san makomarsu, sai ya tarar mutum 3,024 sun yi ɓatan dabo. Teku kan dawo da wasu.

A cikin soja ma an samu mai a'a. Janar Jacques de Bollardière, ɗaya daga cikin hafsoshin da suka fi kowa lambobin yabo a yaƙin duniya na biyu, ya nemi a sauke shi daga muƙaminsa, ya kuma bari aka buga wasiƙarsa a mujallar L'Express. Ladansa tsarewar kwana sittin. Janar ɗin da aka hukunta a kan azabtarwa a Aljeriya shi ne wanda ya ƙi ta.

Yanzu ga matsalar da mai kawo misalin bam ba ya kaiwa gare ta, don shi labarinsa na ƙarewa da an samo bam ɗin kowa ya yi tafi. Gari ya waye, ga mutum kwance, jikinsa duk shaida. A kai shi kotu? Lauya zai ce ya tuɓe riga. A sake shi? In da ba ɗan ƙungiya ba ne, yau ya zama, shi da 'yan'uwansa. Wani manjo mai suna Paul Aussaresses shi aka ɗora wa warware wannan, da 'yan tsirarun mutanensa da motocinsa na dare. Abin da ya rage wa ofis sai rubuta sanarwa.

Larbi Ben M'hidi, ɗaya daga cikin shugabannin da suka kunna wutar juyin a 1954, an kama shi ranar 23 ga Fabrairu, an nuna shi ga 'yan jarida da ankwa a hannu yana murmushi. A farkon Maris aka sanar ya rataye kansa a ɗakin da ake tsare da shi. Ali Boumendjel, lauya, an ce ya yi tsalle daga saman bene a El Biar ranar 23 ga Maris. Maurice Audin, malamin lissafi a jami'ar Aljiyas, ɗan shekara 25, an ɗauke shi a gidansa ranar 11 ga Yuni a gaban matarsa Josette, suna da yara uku. Aka ce mata ya diro daga motar soja ana canja masa wuri, ya tsere. Ya kashe kansa, ya faɗo, ya yi yunƙurin gudu. In mai karatu ya ji kamar ya taɓa tsintar irin waɗannan kalmomi a labaran ƙarfe bakwai, to kunnensa ne. Ni maganar Aljeriya nake yi. Ko da yake, a shekarar nan tutar da ke kan barikin Aljiyas ita ce a kan na Agadas da na Damagaram, cikin sojojin da Faransa ta kai can kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma. Nisan bai kai yadda ake zato ba.

To, abin ya yi aiki? A ba sojan laima haƙƙinsa: ya samu sunaye na gaske a cikin tarin na ƙarya, ya samu maɓoyar bama-bamai, ya karya yajin aikin kwana takwas da FLN ta kira a ƙarshen Janairu, shugabannin ƙungiyar da suka tsira suka bar birnin. Wanda ya ce azaba ba ta taɓa fito da gaskiya ba, ya sauƙaƙa wa kansa gardamar. Sai dai bayan wata biyar ana wannan aiki dare da rana, a farkon Yuni bama-bamai suka tashi a gindin fitilun titi lokacin tashi daga aiki, ranar 9 ga watan kuma wani ya tashi ƙarƙashin dandalin makaɗa a gidan rawa na Casino de la Corniche, ya yi ɓarnar da ta fi ta Milk Bar. Abin da ya gama da ragowar ƙungiyar a birnin aikin wani kyaftin ne, Paul-Alain Léger, wanda ya gane fursuna mai rai da ƙafafunsa ya fi gawa amfani. Ya juya wasu tsofaffin 'yan ƙungiyar, wani da tsoro wani da lallashi, ya mayar da su cikin Kasba, har wasiƙun shugabanni suka riƙa bi ta hannun mutanensa. Ta haka aka kai ga jagoran ƙungiyar a birnin, Yacef Saadi, ranar 24 ga Satumba, aka kuma tarwatsa maɓoyar na hannun damansa, Ali la Pointe, ranar 8 ga Oktoba.

Léger ɗin nan ya ƙara gano wani abu, kuma a nan ne labarin ya fi ɗaci, don kada wani ya ɗauka cutar ta Turawa ce kaɗai. Ya san 'yan gwagwarmayar da ke duwatsu su ma suna azabtar da wanda suke zargi. Sai ya riƙa sakin fursunoni bayan ya bari sun hango takardun jabu masu nuna wane da wane a cikin daji 'yan leƙen asirin Faransa ne. Labari ya kai kunnen Kanar Amirouche, kwamandan yankin Kabiliya. Ya sa aka kama waɗanda aka ambata, aka matsa su. Suka amsa laifin da ba su yi ba, suka ba da sunaye. Waɗancan ma suka amsa, suka ba da nasu. Kowane sabon suna ya zama hujjar cewa makircin ya fi yadda aka zata girma. A 1958 da bayanta ɗaruruwa suka mutu ta wannan hanya, wasu masana tarihi na cewa dubbai, mafi yawansu ɗalibai da masu ilimin da suka baro birni don su ba da ransu ga ƙasar. Faransa ba ta kashe harsashi ko ɗaya a kansu ba.

Mu da aka karantar da mu Sira tun muna zaure bai kamata wannan ya zo mana a sabo ba. Gab da yaƙin Badar, sahabbai sun kama wasu bayi masu ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa. Su sahabban fatansu a ce na ayarin Abu Sufyan ne, don ayarin suka fito nema. Bayin suka ce su na rundunar Ƙuraishu ne; aka buge su. Da dukan ya ishe su suka ce na Abu Sufyan ne. Aka ƙyale su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana salla. Da ya sallame ya nuna musu abin da suka yi: ana dukansu in sun faɗi gaskiya, ana barinsu in sun yi ƙarya. Sannan ya tambaye su da kansa. Yawan rundunar ba su sani ba. Raƙuma nawa ake sokewa kullum? Ran nan tara, ran nan goma. Daga nan ya ƙiyasta mutanen tsakanin ɗari tara ne da dubu, haka kuwa suke. Ana karanta wannan a masallatai, ana gyaɗa kai, a fito a ce wa ɗan sanda ya ba yaron nan wuta zai faɗa.

A Aljiyas dai Massu ya ci gari. Bama-bamai suka ɗauke, Turawa suka ɗauke shi waliyyi. Amma kusan kowane gida a Kasba yana da wanda aka ɗauka, kuma wanda ya dawo ba sai ya yi bayani ba, matarsa ta ga bayansa. Kafin 1957 akwai dubban Musulmin birnin da ba ruwansu da FLN, wasu ma haushinta suke ji saboda kuɗin da take karɓa da mutanen da take yankawa. Benen El Biar ya yi mata wa'azin da ita ba ta iya ba. A Disambar 1960, Janar de Gaulle na ziyara a ƙasar, sai ga unguwannin nan da aka ce an wanke su tas sun ɓarke, maza da mata da yara, da tutar kore da fari da aka ɗinka a ɓoye. Duk wanda ke da ido ya san magana ta ƙare.

A can Faransa ma asiri bai rufu ba. Henri Alleg, editan jaridar Alger Républicain, an kama shi a gidan Audin washegarin da aka ɗauki Audin, aka yi wata guda ana gana masa azaba a El Biar, bai ba da sunan kowa ba. Daga kurkuku ya riƙa fitar da labarinsa ta hannun lauyoyi, aka buga shi littafi mai suna La Question a Fabrairun 1958. Kafin gwamnati ta hana shi an sayar da dubun dubata. Su kuwa masu murza injin, likitan ƙwaƙwalwa Frantz Fanon, wanda ya yi aiki a asibitin Blida, ya rubuta labarin wani sufeton 'yan sanda da ya zo masa tun kafin 1957: ya koma dukan matarsa da 'ya'yansa har da jinjiri, ba ya barci. Bai zo neman barin aikin ba. So yake likita ya ba shi abin da zai sa ya ci gaba da shi hankali kwance. Rundunar da aka koya wa cewa doka abar tsallakewa ce in ta ga dama ita ma ba ta tsaya a kan fursuna ba. A Afrilun 1961 janar-janar huɗu suka yi yunƙurin juyin mulki daga Aljiyas, ƙashin bayansu kuwa bataliyar sojojin laimar da ta riƙe Villa Susini. A Yulin 1962 Faransa ta tattara ta fita.

Sauran labarin na tsufa ne. An yi dokokin afuwa, ba wanda ya tsaya gaban alƙali. A Yunin 2000 wata dattijuwa 'yar Aljeriya, Louisette Ighilahriz, ta ba jaridar Le Monde labarin wata ukun da ta yi a hannun rundunar Massu a 1957, tana neman likitan sojan da ya fitar da ita don ta yi masa godiya. Ashe ya riga ya rasu. Aka je wa Massu, yana da shekara 92. Mutumin da ya rubuta littafi a 1971 yana kare abin da ya yi, sai ga shi yana cewa yana nadama, kuma da an so da an yi yaƙin ba tare da azabtarwa ba. Shekara arba'in da uku ta ɗauke shi kafin ya iso inda Teitgen ya tsaya a wuni ɗaya. Aussaresses kuwa bai yi nadama ba. A 2001 ya buga littafi ya faɗa da bakinsa cewa shi ya sa aka rataye Ben M'hidi, shi ya sa aka jeho Boumendjel. Kotu ta ci shi tarar Yuro 7,500, ba don ya aikata ba, don ya yi alfahari da abin a rubuce. Shekaru da dama kafin nan ya koyar da dabarunsa a barikin Fort Bragg na Amurka da kuma a Barazil, ɗalibansa suka tafi da su gida.

Josette Audin ba ta sake aure ba, ba ta kuma daina rubuta wa hukuma wasiƙa ba. Ranar 13 ga Satumban 2018 Shugaba Emmanuel Macron ya je gidanta a gefen Faris, ya amsa cewa sojojin Faransa ne suka azabtar da mijinta har ya mutu ko suka kashe shi, kuma ba kuskuren wani kurtu ba ne, tsari ne da hukuma ta ba wa hanya. Tana da shekara 87. Ta rasu a Fabrairun da ya biyo, ba ta ga kabarinsa ba. Na Boumendjel sai a 2021 aka amsa, na Ben M'hidi sai a 2024.

Audin Bature ne, malamin jami'a, yana da abokai masu alƙalami a Faris, duk da haka sai da aka shekara 61. Sauran fa, masu dako da masu gyaran takalma? A watan da Macron ya je wa Josette, wasu masana tarihi biyu, Malika Rahal da Fabrice Riceputi, suka wallafa sunayen mutum wajen dubu, mafi yawansu daga wani tsohon fayil na ofishin lardin Aljiyas, inda aka riƙa rubuta koken iyalan da suka zo cigiyar nasu a 1957. Sai ga amsoshi daga Aljeriya: wannan kakana ne, wannan baban mahaifiyata ne, ga hotonsa, bai dawo ba. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne, a tsakiyar wannan ta'asa an samu magatakardan da ya zauna ya rubuta sunan wanda aka ɗauka da ranar da aka ɗauke shi, an kuma samu Teitgen da ya nace sai an ƙirga. Akwai iyayen da in shekara sittin ta cika a kan nasu, jikokinsu ba za su tarar da ko wannan ba. An zo da motoci da asuba, an kwashi samarin unguwa kan mai uwa da wabi, uwa ta je ƙofar bariki da hoton ɗanta aka ce ta matsa ko ta bi shi, kuma ba wanda ya buɗe littafi. Waɗannan iyayen ba a Aljeriya suke ba.